Kotun da Aka Gina Kamar Inuwar Bishiya

Duk wanda shari'a ta taɓa kai shi kotu, ko kan ɓarnar gona ko kan kayan da aka riƙe masa a bakin iyaka, ya san abu biyu: zafin ɗaki da faɗuwar gaba. Shin tsarin gini zai iya rage su? To, mu leƙa birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu.

A can Kotun Tsarin Mulkin ƙasar take, an buɗe gininta ranar 21 ga Maris, 2004. Wurin tsohon gidan yari ne, inda aka taɓa tsare Mahatma Gandhi da Nelson Mandela. Da aka rushe ɓangaren masu jiran shari'a, ba a watsar da bulon ba, da shi aka yi bangon zauren shari'a. Kun ga kaya bai tafi a banza ba, tarihi ma bai ɓace ba.

In kun shiga, ginshiƙan farko a karkace suke kamar kututtura, haske yana ratsowa ta ƙananan kafofin rufi kamar ta tsakanin ganye. Da gangan ne: ana tuna yadda dattawa ke sasanta rigima a gindin bishiya, a idon kowa.

Sanyi fa? An jibge duwatsu a ƙarƙashin ginin. Da dare a turo iska mai sanyi ta ratsa su, su riƙe sanyin. Da rana iskar da za ta shiga ɗakuna sai ta bi ta kansu tukuna. Kamar dai ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ke wuni da sanyin dare. Ta haka ake rage shan wutar lantarki.

Makiyayi, ga naku. Gaban teburin alƙalan 11 fatun shanun Nguni ne, kowace da irin zanenta: garke ɗaya, amma kowane alƙali da ra'ayinsa. Akwai kuma siririyar taga daidai da ƙasan waje, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani, ba a san mai kuɗi ko talaka ba.

Gini ba ya yanke hukunci, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya samu inuwa, yake ganin komai a fili, ya fi iya buɗe baki ya faɗi hujjarsa. Allah ya ba mai gaskiya sa'a.