Na'urar auna itanol a mota: a san ta kafin a zuba kuɗi

Duk mai sayen mota ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwa ana kawo mana Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wata rana yana iya buɗe gaban mota ya tarar da wani ɗan baƙin abu maƙale a tiyon mai, da wayoyi uku suna fita daga jikinsa. Dillali zai ce gata ne, a ƙara kuɗi. Wani makanike kuma zai ce a tsinke a jefar. Kafin Alhaji ko Hajiya su bi maganar ɗayansu, ya kamata a san ko mine ne.

Sunansa na'urar auna itanol. Itanol shi ne alkol ɗin nan da ake goge ciwo da shi a likita, sai dai wasu ƙasashe suna gauraya shi da man fetur. Birazil tana tatsarsa daga rake tun shirin da ta kafa a 1975, kuma a 2003 aka fara saida motoci masu shan kowane irin gauraye a can. Amurka daga masara take samun nata. A Faransa, tun 2007 ake saida wani mai da ake kira E85, wanda itanol ɗin cikinsa kan kai kashi 85 cikin 100, yana da araha saboda an sassauta masa haraji. A ƙarshen 2017 hukumomin Faransa suka yarda a riƙa sa wa motocin fetur wani akwati don su sha shi. Irin waɗannan motoci, in sun tsufa, wasunsu hanyar Afirka suke kamawa.

To, mi ya kawo awo? Litar itanol ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, ta gaza da wajen kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka in itanol ya yi yawa a tanki, dole a ƙara wa injin mai, in ba haka ba ya riƙa tari, ya yi zafi, har ya lalace. Na'urar ita ce ɗan aike: mai yana ratsa ta, tana faɗa wa kwamfutar mota yawan itanol ɗin ta hanyar bugun lantarki. A irin wadda ta fi yaɗuwa, bugu 50 a sakan na nufin babu itanol, bugu 150 kuma zallansa ne.

Sa ta aikin gwani ne. Ana fara cire batir, a sauke matsin da ke cikin tiyo, domin man motocin zamani a matse yake, in an yanka da gaggawa sai ya yi feshi. Sannan a shigar da ita tsakiyar tiyon, da mahaɗai masu jure itanol, nesa da zafin bututun hayaƙi. Waya ɗaya ta tafi ga wutar volt 12, ɗaya a jikin ƙarfen mota, ta uku ta kai saƙo. Daga ƙarshe a tada mota, a duba ko akwai ɗigo. Ɗaurin roba da guntun waya ba su da wuri a nan, domin ɗigon mai kan injin mai zafi, a mota cike da atamfa ko buhunan barkono, gobara ce. Kuma in kwamfutar motar ba ta san karanta saƙon ba, an sa ne a banza.

Ga inda maganar ta shafe mu. Gidajen manmu ba su saida E85, kuma man matatar Damagaram, da aka buɗe a 2011, daga ɗanyen mai ake tace shi. Don haka wanda ya ce maki na'urar za ta rage maki kuɗin mai tsakanin Maraɗi da Dakwaro, bai faɗa maki gaskiya ba. Ba ta rage shan mai. Haka kuma ba ta gane man da aka surka da kananzir, balle a ce ta tsare ki daga ha'incin wasu masu ruwa-ruwa. Hasali ma in ruwa ya shiga mai takan ruɗe, ta ba da lissafin ƙarya, mota ta riƙa zuƙar mai ba dalili.

Wanda ya tarar da ita a motarsa kuwa, kada ya tsorata. Mota mai shan gauraye tana tafiya lafiya da fetur ɗinmu. Ƴan Amurka da yawa ma ana gane su da murfin tanki ruwan ɗorawa. In tana aiki, a bar ta. In ta lalace ko ana son cirewa, a nemi wanda ya san lantarkin mota ya maida tiyo da wayoyi yadda kamfani ya yi su.

Mai son ya san ko akwai itanol a mansa, kwalba ta ishe shi. A zuba ruwa kaɗan, a yi alama daidai inda ya tsaya, a ƙara fetur ninki tara, a girgiza, a aje nesa da wuta. In ya kwanta ruwan ya haura alama, akwai itanol, domin ruwa yake bi.

Tambaya ba ta ɓata ciniki. Kafin a ƙara jika ko ɗaya kan kuɗin mota saboda wannan na'ura, a tambayi dillali: ina zan sayi man da take aunawa? Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya.