Fitilar biki mai jin kiɗa

Yara, kun taɓa zuwa gidan biki da dare a Kilomita Biyar? Wataƙila kun ga ɗigo-ɗigon haske, ja da kore, suna rawa a jikin bango. In ganga ta yi ƙarfi, su yi ta tsalle. In kiɗa ya tsaya, su tsaya cak.

To, wa ya gaya wa fitila an daina kiɗa?

A cikin akwatinta akwai ƙaramin makirufo, shi ne kunnenta. Akwai kuma wata ƴar kwamfuta, ba ta fi farce girma ba. Da Faransanci sunanta microcontrôleur. Ba ta da wayon kanta. Mutum ne ya rubuta mata umurni: "In kin ji bugu, ki juya madubi." Da madubi ya juya, sai haske ya koma wani wuri.

Wannan haske sunansa leza. A Amurka aka fara yin sa, a shekarar 1960. Ba ya bazuwa kamar hasken tocila. Siriri ne, amma da ƙarfi. Kada ku haska shi a idon kowa, ko da wasa, domin yana iya ƙona cikin ido.