Charlotte Edwards: Kaka 17 a gundumar Kent, kofuna bakwai, ba albashi

A watan Mayun 2016, kocin tawagar matan Ingila ta wasan kurket, Mark Robinson, ya shaida wa kyaftin ɗinsa Charlotte Edwards cewa zai gina sabuwar tawaga ba tare da ita ba. Lokacin tana da shekara 36, ta buga wa ƙasarta wasanni 309, ta jagorance ta a 220 daga ciki, ta kuma tara maki sama da 10,000. Ta sanar da ajiye rigar ƙasa, amma ba ta ajiye katakon bugu ba. Gida ta koma, wato gundumar Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, kuma kafin ƙarshen wannan kakar Kent ta haɗa kofuna biyu: na Gasar Gundumomi ta Mata da na gajeren wasa.

Duniya ta fi sanin Edwards da kofunan duniya biyu da ta ɗaga a 2009, ɗaya a Sidni ta ƙasar Ostareliya, ɗaya a filin Lord's da ke Landan. Sai dai mafi tsawon ɓangaren rayuwarta ta wasa a gasar cikin gida ta yi shi, gasar da ba ta biyan 'yar wasa ko sisin kwabo. Tarihin wannan ɓangare shi ne tarihin yadda kurket ɗin mata a Ingila ya tashi daga aikin sa kai ya zama sana'a, da kuma waɗanda aka bari a baya ranar rabon ganima.

Gunduma ita ce tushe

Kurket wasa ne na mutum 11 a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo, ɗayan yana bugu da faffaɗan katako yana tara maki, daga baya su yi musaya. A Ingila, bisa gundumomi aka tsara wasan tun fil azal. Maza suna da manyan ƙungiyoyin gundumomi 18, kuma gasarsu tana gudana a hukumance tun 1890, da 'yan wasa masu karɓar albashi. Mata kuwa wata ƙungiya ta daban ce ke kula da su, wadda aka kafa a 1926 kuma masu aikin sa kai suka riƙe har 1998, lokacin da aka haɗe ta da Hukumar Kurket ta Ingila da Wales, wato ECB. Gasar Gundumomi ta Mata sai a 1997 aka fara ta.

An haifi Edwards ranar 17 ga Disamban 1979 a garin Huntingdon, ta tashi a gonar iyayenta a ƙauyen Pidley. A kulob ɗin Ramsey ta koyi wasa, cikin yara maza, domin babu ƙungiyar 'yan mata a kusa. Ta yi fice har aka ba ta jagorancin ƙungiyar samarin gundumar Huntingdonshire. A 1996, tana da shekara 16, aka kira ta tawagar ƙasa domin karawa da Niyu Zilan. A wancan zamanin matan Ingila da siket suke wasa, kuma da kuɗin aljihunta ta sayi kwat ɗin tawaga. Shekara ɗaya bayan haka, ana gobe za ta cika 18, ta ci maki 173 ba tare da an fitar da ita ba a wasan Kofin Duniya da Ireland a birnin Pune na Indiya.

Duk wannan bai sauya matsayinta a gida ba. Ƙungiyar yankin East Anglia take buga wa, abincinta kuma a wani kamfanin sassaƙa katakon kurket da ke Huntingdon, Hunts County Bats, take nemansa. Da rana aiki, da yamma atisaye, ƙarshen mako wasa.

Shekarun Kent

A 2000 ta koma Kent. Ba a jima ba ta samu mummunan rauni a gwiwa, wanda ya hana ta buga mafi yawan kakar 2001. A lokacin gundumar Yorkshire ce ke cin karenta ba babbaka, domin ta lashe biyar daga cikin gasanni shida na farko. Daga nan Sussex, maƙwabciyar Kent, ta karɓe ragama, ta ci sau uku a jere daga 2003 zuwa 2005.

Kent ta ɗauki kofinta na farko a 2006, shekarar da aka tabbatar wa Edwards jagorancin tawagar ƙasa bayan ritayar Clare Connor. Ta sake ci a 2007, 2009, 2011, 2012, 2014 da 2016, kofuna bakwai ke nan tare da Edwards. Daga 2003 zuwa 2014, babu wata gundumar da ta taɓa kofin in ban da Kent da Sussex. Karawar waɗannan biyun ita ce babbar ranar kakar wasa, domin kusan rabin tawagar Ingila a cikinsu suke: Sussex na da Sarah Taylor da Holly Colvin, Kent na da Edwards da Lydia Greenway, daga baya kuma Laura Marsh da Tammy Beaumont.

Wasannin na yini ɗaya ne, kowane ɓangare yana samun zagaye 50, kowane zagaye jifa shida. Yawanci a filayen ƙananan kulob-kulob da na makarantu ake buga su, a gaban iyaye da 'yan uwa. 'Yan wasan ɗalibai ne, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, masu tara hutunsu na shekara domin kakar wasa. Kyaftin ɗin da ta ɗaga Kofin Duniya a watan Maris ɗin 2009 a irin waɗannan filaye ta dawo ta buga a watannin da suka biyo baya.

Muhimmancin zamanta a wurin a bayyane yake. Yarinya mai shekara 16 da ta shigo ƙungiyar Kent, kamar yadda Beaumont ta yi a 2007, tana tarar da kyaftin ɗin ƙasa a ɗakin sauya kaya ɗaya da ita, tana ganin yadda ake shirya wa wasa da yadda ake gina maki a tsanake. Shekara goma bayan haka, Beaumont ce ta fi kowa maki a Kofin Duniya na 2017 da Ingila ta lashe, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Gunduma ce ta yi renon, ƙasa ta ci moriya.

Kuɗi ya shigo daga sama

A 2008 aka fara ba wasu 'yan tawagar ƙasa, har da Edwards, aikin koyar da kurket a makarantu ƙarƙashin shirin Chance to Shine, domin su samu abin sa wa a bakin salati ba tare da sun rabu da wasa ba. A 2014 ECB ta ba mata 18 kwantaragin ƙwararru a karon farko. Edwards ta shekara 18 tana buga wa ƙasarta kafin ta ga wannan rana.

Amma albashin a kan tawagar ƙasa ya tsaya. Wadda ba ta cikin 18 ɗin, ko wadda aka sallama, ba ta da wata sana'a a cikin wasan. Tazarar da ke tsakanin gasar gundumomi da wasan ƙasa da ƙasa sai ƙara faɗi take yi, alhali Ostareliya ta riga ta fara biyan 'yan wasanta na jihohi. Domin cike wannan giɓi aka kafa gasar Kia Super League a 2016, da ƙungiyoyi shida. Edwards ce ta jagoranci Southern Vipers ta lashe gasar farko a Chelmsford, wata uku kacal bayan an cire ta daga tawagar ƙasa.

A ƙarshen wannan shekarar ta yi ban kwana da Kent, ta koma Hampshire, wadda ke rukuni na biyu a lokacin. Hampshire ta hau rukuni na ɗaya a 2017, ta kuma ci kofin gasar a 2018, karo na farko a tarihinta. Shekara ɗaya bayan haka aka buga Gasar Gundumomi ta Mata ta ƙarshe. Kent ce ta lashe, kofinta na takwas, fiye da kowace gunduma.

Sabon tsari, sabon rabo

Daga 2020 aka maye gurbin gundumomi da ƙungiyoyin yankuna takwas, aka kuma ba 'yan wasan cikin gida 41 kwantaragi. Edwards ta koma koci. Ƙarƙashinta Southern Vipers ta ci kofin wasan yini ɗaya a 2020, 2021 da 2023. Kofin gajeren wasa kuwa, wanda aka raɗa wa sunanta a 2021, ƙungiyarta ta ɗauke shi a 2022 da 2023. A Indiya ma ta kai Mumbai Indians ga kofin gasar ƙwararrun mata a 2023 da 2025.

Nijeriya ta shiga labaran wannan wasa a watan Janairun 2025, lokacin da 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da maki biyu a Kofin Duniya da aka yi a Malesiya. Tambayar da Ingila ta kwashe shekaru tana fama da ita za ta same su su ma: ina 'yar wasa za ta buga, kuma wa zai biya ta, tsakanin kiran tawagar ƙasa da wani kiran?

Amsar da Ingila ta bayar ita ce mayar da wasan hannun gundumomi daga 2025, wannan karon da kuɗi. An raba su mataki-mataki. Kowace ƙungiyar mataki na ɗaya dole ta ɗauki aƙalla mata 15 aiki, kuma mafi ƙarancin albashi ya zama daidai da na maza: fam 20,000 a shekara ga sabuwar shiga, fam 28,000 ga wadda ta kafu. Gundumomi suka nema, ECB ta sanar da takwas a watan Afrilun 2024: Durham, Essex, Hampshire, Lancashire, Nottinghamshire, Somerset, Surrey da Warwickshire.

Babu Kent a jerin. Gundumar da ta fi kowa kofuna a zamanin da ba a biyan kowa ta tsinci kanta a mataki na biyu, shugabanninta kuma ba su ɓoye takaicinsu ba. Zaɓen bai tsaya kan yawan kofuna ba. An duba filaye, ƙarfin aljihu, tsarin gudanarwa da rarraba ƙungiyoyi a sassan ƙasa, ga shi kuma Kent na maƙwabtaka da Surrey da Essex. Sakamakon shi ne 'yar Kent mai son cin abinci da kurket sai ta ƙetare iyaka. Alice Davidson-Richards, wadda Kent ta rena, ta sanya hannu da Surrey. Beaumont tana tare da The Blaze ta Nottinghamshire.

Edwards kuwa an naɗa ta kocin sabuwar ƙungiyar Hampshire, amma ba ta kai ga fara kakar ba. Bayan Ostareliya ta lallasa Ingila a dukkan wasanni bakwai na gasar Ashes a farkon 2025, ECB ta kira ta a watan Afrilu ta karɓi tawagar ƙasa. Daga cikin abubuwan farko da ta nema daga 'yan wasanta akwai su koma su buga wa gundumominsu, domin da abin da suka yi a can za ta yi zaɓe.