Ɗakin Ruwan Sama: Yadda fasaha ke mayar da ɗan kallo ɗan wasa

A watan Oktoban 2012 aka buɗe wani ɗaki a Cibiyar Barbican da ke birnin Landan, inda ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, amma mutum ya ratsa ta tsakiyarsa ya fito bai jiƙe ba.

Sunan aikin Rain Room, wato Ɗakin Ruwan Sama, kuma ƙungiyar masu fasaha ta Random International ce ta ƙirƙiro shi. Misali ne na wani salo da ke samun karɓuwa a gidajen wasan kwaikwayo na gwaji, inda ake haɗa haske da sauti da bidiyo da kwamfuta, sannan a bar motsin ɗan kallo ya juya abin da ke faruwa.

Yadda yake aiki

Faɗin wurin da ruwan ke zuba murabba'in mita 100 ne. Akwai kyamarori da ke bin diddigin duk wanda ya shiga, suna sanar da kwamfuta inda yake tsaye, ita kuma ta rufe famfunan da ke saman kansa. Ruwan da ya zuba ana tace shi a sake amfani da shi. Sai dai na'urar tana son natsuwa: mai gaggawa kan riga ta, ya sha duka.

A cikin wannan ruwa ne 'yan rawar Wayne McGregor suka yi wasa a Landan. Daga baya aka nuna aikin a birnin New York a 2013, sannan ya samu mazauni na dindindin a Sharjah da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018.

Tushen salon

Abin ya daɗe. A bikin baje kolin duniya na Brussels a 1958, Alfréd Radok da Josef Svoboda daga ƙasar Czechoslovakia sun gabatar da Laterna Magika, inda 'yan wasa ke mu'amala da hotunan fim a kan dandamali.

A 1967 kuma aka nuna fim ɗin Kinoautomat a Montreal. Akan dakatar da shi a tsakiya, 'yan kallo su danna maɓalli ja ko kore domin zaɓen inda labarin zai nufa.

Wa ke riƙe da linzami?

Kowane zaɓi aka yi a Kinoautomat, ƙarshen labarin ɗaya ne. Hakazalika a Ɗakin Ruwan Sama, mai shiga kan ji kamar shi ke umartar ruwa, alhali na'ura ce ta tilasta masa tafiya sannu a hankali, tana kuma lura da kowane takunsa.

Ga kuma batun kuɗi. Irin wannan aiki na buƙatar injiniyoyi da wutar lantarki mara yankewa, shi ya sa galibi manyan cibiyoyi ne ke iya ɗaukar nauyinsa.