"Ba Hanya": A Kai Ta Hoto Kafin A Kira Wanzami

Yarinya ta kai shekara 15, ƙirji ya fito, sa'o'inta duk sun fara al'ada, ita shiru. Kowane wata sai ta kwana uku tana murƙususu riƙe da mara. Me ake ba ta a Zauro da ƙauyukan fadama har zuwa Argungu? Jiƙo da jar kanwa. In marar ta taso, a fara ƙus-ƙus wai ciki ne, a ɓata 'yar mutane a banza. In kuwa an riga an kai ta ɗaki, ango ya ce ba hanya, sai a aika a kira wanzami.

Wannan ne ke ci mini rai. A danne yarinya kan tabarma, mutumin da bai san me ke bayan fatar ba ya zura aska, wai yankan gishiri. Mafitsara tana gaba, dubura tana baya, tsakaninsu bai kai kaurin yatsa ba. Aska ta kauce kaɗan, an samu mai yoyon fitsari, sai jinya a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi, mijin da ya matsa a yanka kuma ya miƙo takardar saki. Haba jama'a!

Matsalar "ba hanya" ba iri ɗaya ba ce. Wata tantani ne kawai ya toshe ƙofa, jinin watanni ya taru a ciki; ƙaramin aiki ne ga likita. Wata an haife ta babu mahaifa gaba ɗaya, abin da ke samun kusan mace 1 cikin 5,000. Wata mahaifa biyu gare ta, ɗaya a toshe, tana al'ada amma ciwo bai barinta. Ido ba ya rarrabe waɗannan, sai hoto.

Hoton nan, wato sikanin, ba allura, ba yanka. Yarinyar ta sha ruwa sosai ta riƙe fitsari, a shafa mai a mara, a ɗora na'ura. Ku roƙi a duba har da ƙoda, domin masu irin wannan halitta sukan zo da ƙoda ɗaya. Kuma a kai wa likitan mata sakamakon, a asibitin Sir Yahaya ko na tarayya da ke Birnin Kebbi, ba mai kemis ba. In likitan ya ce sai hoton MRI, ko da Sakkwato ne, a sayar da buhun shinkafa a tafi.