Hanyar Makami da Hanyar Hatsi a Yaƙin Sudan: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023, da faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, tambaya guda ke yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp: ta ina makamai ke shiga, kuma wa ke kai su? Ga Bahaushe wannan ba labarin nesa ba ne. Hanyar da ta ratsa Abeche da Adre ta wuce Al-Junaina da Al-Fashir ita ce kakanninmu suka taka zuwa aikin hajji, kuma zuriyarsu na nan a Mai Wurno da Gadarif da Damazin. Da yake kowane ɓangare ƙaryata ɗaya yake yi, mutane da yawa sun yanke cewa labarin yaƙin nan duk farfaganda ne. Wannan hukunci kuskure ne, domin maganganun da ake yaɗawa ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai mai hujja, akwai rabin gaskiya, akwai ƙarya tsagwaronta, kuma ana iya rarrabe su.

Maganar da ta fi hujja ita ce ta shigar makamai Darfur ta gabashin Chadi. A Janairun 2024, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Sudan ya ce abin gaskatawa ne zargin da ake yi cewa jiragen dakon kaya na sauke makamai da harsasai a filin jirgin Amjaras, sannan motoci su kai wa RSF. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ake nuna wa yatsa, ta musanta, ta ce asibitin 'yan gudun hijira ta kafa a garin a 2023 kuma kayan agaji take kaiwa. Gwamnatin Chadi ma ta musanta. Adalci shi ne a faɗi maganar yadda take: zargi ne mai ƙarfi wanda masu bincike suka samu madogara a kansa, waɗanda ake zargi kuma ba su amsa laifin ba. Wanda ya ce ƙage ne kawai ya rage gaskiya, wanda ya ce kotu ta tabbatar da shi ya ƙara mata gishiri.

A nan ne wata ƙarya ta samu gindin zama, wai Kotun Duniya da ke Hague ta wanke Daular. Sudan ta shigar da ƙara a Maris na 2025, tana zargin Daular da hannu a kisan ƙare dangi da aka yi wa ƙabilar Masalit. Ranar 5 ga Mayu kotun ta sallami ƙarar saboda ba ta da hurumin sauraronta, kasancewar tun lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta keɓe kanta daga sashen da ya ba kotun wannan iko. Alƙalan ba su auna hujja ko ɗaya ba. Alƙalin da ya ce shari'ar ba tasa ba ce bai ba kowa gaskiya ba.

Haka nan ba gaskiya ba ne cewa ɓangare guda ne kaɗai ke samun makamai daga waje. An ba da rahoton jirage marasa matuƙa ƙirar Iran da na Turkiyya a hannun sojoji, kuma a Yulin 2024 ƙungiyar Amnesty International ta nuna sababbin makamai ƙirar ƙasashe irin su Sin da Rasha da Turkiyya suna yawo a fagen daga. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya faro a 2004, Darfur kaɗai ya shafa, don haka abin da aka sauke a Port Sudan ba lallai ya karya shi ba sai in an wuce da shi can.

Rabin gaskiyar da ta fi cutar da mutane ita ce ta Adre. A Fabrairun 2024 gwamnatin soja ta hana shigar da agaji ta wannan iyaka ta Chadi da Sudan, ta ce ta nan ake safarar makamai. Amma a lokacin RSF ce ke riƙe da ɓangaren Sudan na iyakar, kuma ɗan fasa-ƙwauri ba ya neman izinin gwamnati. Waɗanda haramcin ya ɗaure su ne hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, masu jiran takardar hukuma kafin motar hatsi ta motsa. Aka tura su mashigar Tine, damina ta sauka, rafuka suka cika, hanya ta yanke. A farkon Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam kusa da Al-Fashir, sai a tsakiyar watan aka sake buɗe Adre. Cewa makamai na bi ta Chadi magana ce mai tushe, amma ɗora laifin a kan motocin dawa da man girki shi ne ya ƙara wa mayunwata wahala, bindiga kuwa ba ta daina shiga ba.

Mai musu zai ce: ta yaya za a yarda da kafofin da iyayen gidansu ke da hannu a rikicin? Tambayar tana da tushe. Sky News Arabia na da jarin Abu Dhabi, Al Jazeera ta Qatar ce, Al Arabiya ta Saudiyya, kuma a Afrilun 2024 gwamnatin Sudan ta dakatar da wasu tashoshin Larabawa daga aiki. An kashe 'yan jarida, an katse layukan sadarwa a Fabrairun 2024, tsofaffin bidiyoyin wasu yaƙe-yaƙe sun yi ta yawo da sunan Sudan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai hanyar kayan yaƙi tana barin sawu: jirgin dakon kaya yana da lamba da tarihin tashi da sauka, akwatin harsashi yana ɗauke da lambar masana'anta, tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton filin jirgi, kamar yadda masu bincike na Jami'ar Yale suka yi ta bin diddigin abin da ke faruwa a Al-Fashir. Waɗannan ba su dogara da gaskiyar mai magana da yawun kowa ba.

Saboda haka kafin mutum ya tura saƙo gaba, ya tambayi abu uku: wa ya gani, wane sawu ya nuna, kuma wanda ake zargi me ya ce? Labarin da ya amsa ukun a riƙe shi ko da bai yi daɗi ba, wanda ya kasa a ajiye shi ko da ya dace da ra'ayinmu. Masu safarar makamai ba sa buƙatar mu yarda da ƙaryarsu. In muka daina yarda da komai, buƙatarsu ta biya, ita kuwa uwar da ke jiran motar hatsi a Darfur ta ci gaba da jira.