Bala'in Tsunami: Yadda Gargaɗi Ke Isowa Ɗakin Uwargida

Wataƙila ba ki taɓa ganin teku da idonki ba, amma da wuya a ce ba ki ji labarin abin da ya faru ranar Lahadi 26 ga Disamba, 2004 ba. Da misalin ƙarfe takwas na safiyar wannan rana aka yi wata girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 a ƙarƙashin teku, kusa da tsibirin Sumatra na ƙasar Indunusiya. Girgizar ta tayar da igiyar ruwan da ake kira tsunami, wadda ta hallaka mutane kusan 230,000 a ƙasashe 14. A lardin Aceh kaɗai, inda kusan kowa Musulmi ne, an rasa fiye da mutum 160,000.

Abin da ya sa muka kawo wannan batu a filinmu shi ne, mata ne suka fi mutuwa. Binciken da ƙungiyar Oxfam ta yi a shekarar 2005 ya gano cewa a wasu ƙauyuka huɗu na arewacin Aceh, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda suka rasu mata ne. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Maza da yawa suna can tsakiyar teku wajen kamun kifi, inda igiyar ta wuce ta ƙarƙashin jiragensu, wasu kuma sun fita sabgoginsu nesa da gaɓa. Mata suna gida da yara da tsofaffi, yawancinsu ba su iya iyo ko hawan bishiya ba, wasu kuma sun tsaya neman 'ya'yansu ne ruwa ya cim musu.

Mene ne tsunami?

Kalmar ta Japananci ce. Idan ƙasar da ke ƙarƙashin teku ta tsage, wani ɓangare ya yunƙuro sama farat ɗaya, to duk ruwan da ke bisa kansa sai ya ɗaga, kamar yadda ruwa ke fantsama idan kin bugi gindin baho. A tsakiyar teku igiyar ba ta cika kai tsayin mita ɗaya ba, amma tana gudun da ya kai kilomita 800 a awa guda, wato kamar jirgin sama. Sai ta iso gaɓa inda babu zurfi take rage gudu ta taru ta yi tsiri. A wasu wuraren Aceh ta kai mita 30. Kuma ba sau ɗaya take zuwa ba, sau da yawa ta biyu ko ta uku ta fi ta farko ɓarna.

Babu mai iya hana ta zuwa. Abin da ɗan Adam yake da shi kawai shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin girgizar da isowar ruwan. A birnin Banda Aceh lokacin bai kai rabin awa ba. Amma ruwan ya yi kusan awa biyu kafin ya isa Siri Lanka da Indiya, ya kuma yi kusan awa bakwai kafin ya iso gaɓar Somaliya a nan Afirka. Duk da haka mutum fiye da 30,000 suka mutu a Siri Lanka, kusan 300 a Somaliya. Ki duba fa, awa biyu ta ishi mace ta goya jaririnta, ta ja hannun sauran, ta taka zuwa kan tudu. Wanda zai ce mata ta tashi ne aka rasa.

Inda gizo ya yi saƙa

Ba wai babu wanda ya san an yi girgizar ba. Cibiyar gargaɗin tsunami ta Tekun Fasifik da ke Hawayi ta gan ta a na'urorinta cikin 'yan mintoci. Sai dai a lokacin Tekun Indiya ba shi da na'urorin auna igiya irin na Fasifik, kuma babu wani tsari da ya fayyace jami'in da za a bugawa waya a kowace ƙasa, balle wanda zai sanar da gidajen rediyo, 'yan sanda da masu unguwanni. Kowace hukuma tana riƙe da ɗan guntun sani, babu igiyar da ta ɗaure su. A Kenya kuwa, inda labari ya riga ruwan isowa har hukumomi suka kori mutane daga bakin teku, mutum ɗaya aka ruwaito ya rasu.

Wannan ne ya sa ƙasashen duniya suka gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar 2005, a ƙarƙashin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince da kafa tsarin gargaɗi na Tekun Indiya, ya kuma fara aiki a 2006. Daga 2011 cibiyoyi uku, a Ostireliya, Indiya da Indunusiya, suka ɗauki nauyin lura da tekun dare da rana, suna aika sanarwa ga sauran ƙasashen yankin. Ita ma Indunusiya ta yi sabuwar dokar kula da bala'o'i a 2007, ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa a 2008, ta kuma ƙaddamar da nata tsarin da burin fitar da gargaɗi cikin minti biyar. Amurka kuwa tun 1995 ta haɗa hukumar yanayi da teku, hukumar binciken ƙasa, hukumar agajin gaggawa da jihohin bakin teku a cikin shiri ɗaya.

Aikin dai kamar sarƙa yake. Masana girgizar ƙasa su auna ƙarfinta da inda ta faru. Na'urorin da aka dasa a ƙasan teku su tabbatar ko igiya ta taso, su aika saƙo ta tauraron ɗan Adam. Hukumar ƙasa ta sanar da jihohi da ƙananan hukumomi. Su kuma su kunna jiniya, su yi shela ta rediyo, talabijin, wayar salula da lasifikar masallatai. Kafin wannan rana kuma dole ne an zana taswirar unguwannin da ruwa zai iya ci, an kafa alamun hanyar gudu, an gina dogayen benaye na fakewa inda babu tudu, an kuma koya wa yara a makaranta. Idan zobe ɗaya ya katse, duk sauran sun tashi a banza.

An ga haka a ranar 11 ga Afrilu, 2012, da aka yi wata girgiza mai maki 8.6 kusa da Aceh. Gargaɗi ya fita, amma sai jama'a suka fito da motoci da babura, tituna suka cushe, mutane ƙalilan ne suka hau benayen da aka gina dominsu. Allah Ya taƙaita, babbar igiya ba ta zo ba. A ranar Juma'a 28 ga Satumba, 2018 kuwa, dab da magariba, girgiza ta auka wa birnin Palu a tsibirin Sulawesi. Hukuma ta fitar da gargaɗi, amma wutar lantarki da turakun waya sun lalace, saƙon bai isa ga mutane da yawa ba, ruwan kuma ya iso cikin 'yan mintoci. Jami'an ƙasar sun bayyana cewa na'urori 22 da ke kan teku sun daina aiki tun 2012 saboda rashin kuɗin gyara da kuma ɓarnar mutane. Girgizar da ruwan da zaftarewar ƙasa sun ci rayuka fiye da 4,000.

Zoben ƙarshe yana cikin gida

To uwargida, ga inda labarin ya zo kanki. Tsibirin Simeulue yana kusa ƙwarai da inda girgizar 2004 ta faru, mutanensa a lokacin sun kai kimanin 78,000, amma mutum bakwai kacal ruwan ya ci. Ba su da jiniya, ba su da na'ura. Abin da suke da shi labari ne. A 1907 tsunami ta taɓa yi musu mummunar ɓarna, tun daga nan iyaye da kakanni suke gaya wa yara labarin abin da suke kira smong, a tatsuniya da waƙar reno: idan ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a gudu kan tudu. Shekara 97 ana miƙa wannan magana daga baki zuwa baki, ranar da aka buƙace ta kuwa kowa ya san abin yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A wannan rana dai, a bakin tekun Mai Khao na ƙasar Tailan, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara goma, Tilly Smith, ta ga ruwa yana kumfa yana wani irin motsi. Mako biyu kafin nan malaminsu ya koya musu alamun tsunami a aji. Ta matsa wa iyayenta, su kuma suka sanar da ma'aikatan otal, aka kwashe mutane kusan ɗari daga bakin ruwan.

Japan ma ta ba da darasi mai fuska biyu a tsunamin 11 ga Maris, 2011. A garin Kamaishi, inda hukumar ilimi da wani malamin jami'a, Farfesa Toshitaka Katada, suka yi shekaru suna horar da ɗalibai, kusan duk yaran makaranta su kimanin 3,000 sun tsira, manya suna jan hannun ƙanana zuwa tudu. A makarantar firamare ta Okawa kuwa, an tsayar da yara a fili kusan minti hamsin ana shawarar inda za a nufa, domin tsarin makarantar bai fayyace wurin gudu ba. Yara 74 daga cikin 108 suka rasu tare da malamai goma. Daga baya kotu ta ɗora wa hukumomi laifin rashin shiri.

Mutanen wannan yanki suna da wata tsohuwar ƙa'ida mai suna tendenko, wato kowa ya gudu daga inda yake, kada ya koma neman wani. Ga zuciyar uwa wannan magana ce mai ɗaci. Amma ma'anarta ita ce a yi alkawari tun ana zaune lafiya: yaro ya san zai bi malamansa zuwa tudu, uwa ta san ɗanta ba zai tsaya jiranta ba, an kuma riga an sa wurin haɗuwa. Wannan yarda ita ce ke hana uwa komawa cikin halaka, kuma ba ta samuwa sai makaranta da hukuma sun yi nasu aikin har uwa ta gamsu.

Domin a riƙa tunawa, a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Nuwamba a matsayin ranar wayar da kai kan tsunami. UNESCO kuma ta sa burin cewa kafin 2030 duk al'ummar da ke cikin wannan haɗari ta zama a shirye, da taswira, da alamun hanya, da atisaye a kai a kai.

Alamu uku da za ki koya wa yara

'Ya'yanmu suna tafiya karatu da fatauci ƙasashen da ke bakin teku, saboda haka wannan sani ba zai zama asara ba. Na farko, girgizar ƙasa mai ƙarfi ko mai daɗewa. Na biyu, teku ya janye baya ba zato har a ga kifi a kan yashi, ko ya cika ya tumbatsa farat ɗaya. Na uku, rugugi daga teku kamar na jirgin ƙasa. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki kada ya jira jiniya ko saƙon waya, kada ya tsaya kallo ko kwasar kaya. Ya nufi tudu ko saman dogon bene mai ƙwari, da ƙafa in zai yiwu, kada kuma ya sauko sai hukuma ta ce an gama.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu da zuri'armu daga kowane irin bala'i. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.